Tallafin jami'o'i ga malamai masu koyarwa da buɗaɗɗun kayan karatu

Tallafin buɗaɗɗun kayan karatu kuɗi ne da jami'a ko gwamnati ke bai wa malami don ya daina ɗora wa ɗalibansa sayen littafi mai tsada, ya maye gurbinsa da wanda kowa ke iya samu kyauta. Tsarin ya fi ƙarfi a Amurka da Kanada, inda ya bazu tun daga shekarar 2011. Kuɗin ba su da yawa, kuma ba na sayen littafi ba ne: ladan lokacin da malami ya ɓata ne wajen sake tsara darasinsa.

Mene ne buɗaɗɗun kayan karatu?

Littattafai ne da darussa da bidiyo da tambayoyin jarrabawa waɗanda mai su ya ba da izini a rubuce cewa kowa na iya amfani da su ba tare da biya ba. Masu Faransanci na taƙaita sunansu da REL. Sunan ya fito ne a wani taro da hukumar UNESCO ta shirya a birnin Paris a 2002, shekara guda bayan jami'ar MIT ta Amurka ta sanar cewa za ta zuba darussanta a intanet kyauta.

Ba duk abin da ke intanet kyauta ne ke shiga wannan rukuni ba. Abin da ke bambanta su shi ne lasisi, galibi na ƙungiyar Creative Commons. Masanin ilimi David Wiley ya lissafa izini 5 da cikakken lasisi ke bayarwa: mutum ya ajiye kwafinsa, ya yi amfani da shi, ya gyara shi, ya haɗa shi da wani, ya kuma rarraba shi. Littafin da aka ɗauki hotonsa aka watsa a WhatsApp ba da yardar mai shi ba, ba ya cikin wannan lissafi, ko da ba a biya ko dala ba.

Dalilin kafa tallafin

A Amurka malami ne ke zaɓen littafi, ɗalibi ne ke biya. Rahoton ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar ya nuna cewa farashin sabbin littattafan jami'a ya tashi da kashi 82 cikin 100 tsakanin 2002 da 2012. Wani bincike da ƙungiyar ɗalibai ta Student PIRGs ta fitar a 2014 ya gano cewa kashi 65 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun taɓa fasa sayen littafin da aka wajabta musu saboda tsada. Ɗalibin da ya shiga aji ba littafi, tun makon farko ake barin shi baya.

Littattafan kyauta kuwa akwai su. Jami'ar Rice da ke Texas ta buɗe OpenStax a 2012, tana wallafa littattafan lissafi da kimiyya da tattalin arziki na shekarun farko na jami'a. Matsalar ita ce malamin da ya shekara goma da littafi guda ya riga ya gina komai a kansa. Sauya shi na nufin sake rubuta atisaye da jarrabawa da jadawalin zango, aikin makonni da ba a biya, kuma sau da yawa ba a lissafa shi wajen ƙarin girma. Wannan gurbi ne tallafin ke cikewa.

Yadda yake aiki

Galibi ɗakin karatu na jami'a ne ke kula da shirin. Malami na cika takarda ya faɗi darasin, da yawan ɗalibai, da farashin littafin da za a ajiye. Kwamiti na zaɓe, yana fifita manyan azuzuwa, domin a nan ne kuɗi kaɗan ke sauƙaƙa wa mutane da yawa.

Tallafin kan kasu gida 3. Mafi ƙanƙanta na wanda ya ɗauki littafin da ke akwai ne yadda yake. Na tsakiya na wanda ya gyara shi ya dace da ajinsa ne. Mafi girma na wanda ya rubuta sabo ne. Sharaɗin da aka saba gindayawa shi ne duk abin da aka samar a sake shi da buɗaɗɗen lasisi, malami kuma ya kawo rahoto a ƙarshen zango.

Inda aka gwada shi

Jami'ar Massachusetts da ke Amherst da jami'ar Temple da ke Philadelphia na cikin na farko, a 2011, da dala 1,000 ga kowane malami, abin da ya haura jika 500 na sefa a canjin ƴan shekarun nan. Daga baya gwamnatoci suka shigo. Lardin British Columbia na Kanada ya ƙaddamar da shirin samar da littattafan fannoni 40 da suka fi yawan ɗalibai a 2012. Jihar Georgia ta soma raba nata tallafi a 2014. Jihar New York ta ware dala miliyan 8 a 2017, majalisar dokokin Amurka ta ware miliyan 5 a 2018, California kuma ta ware miliyan 115 a 2021 don digirorin da ɗalibi zai kammala bai sayi littafi ko ɗaya ba.

Wani nazari da aka wallafa a 2018 kan ɗalibai sama da 21,000 na jami'ar Georgia ya nuna cewa maki ya ƙaru, faɗuwa da janyewa sun ragu a azuzuwan da suka sauya, musamman a wajen ƴaƴan marasa ƙarfi. Wasu nazarce-nazarcen sun tarar da sakamako ɗaya ne tsakanin littafin saye da na kyauta, sai dai aljihun ɗalibi ya huta.

Inda tsarin ke da rauni

Sau ɗaya ake ba da kuɗin, alhali littafi na buƙatar sabuntawa kullum. Fannonin da ɗalibansu ba su da yawa ba su cika samun littafi ba. Kamfanonin ɗab'i kuma na haɗa littattafansu da manhajar gyaran atisaye, abin da malami mai ɗalibai ɗaruruwa ke jin wuyar rabuwa da shi.

Abin da ya shafi Nijar

A watan Nuwamba na 2019 ƙasashen UNESCO, har da Nijar, suka amince da wata shawara da ke kiran gwamnatoci su saki kayan karatun da aka samar da kuɗin jama'a da buɗaɗɗen lasisi, su kuma ƙarfafa samar da su cikin harsunan gida.

A jami'o'in Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa, da Faransanci ake karatu, alhali mafi yawan buɗaɗɗun littattafai da Ingilishi suke. Saboda haka izinin gyarawa ya fi muhimmanci a nan, domin fassara ma gyara ce a dokar haƙƙin mallaka. Malamin da ke son mayar da littafi Faransanci ko Hausa sai ya duba alamar lasisin. Idan akwai harufan ND, ba a yarda ya rarraba fassararsa ba. Idan NC ne, ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. Idan BY ne kaɗai, yana iya fassarawa, ya sa misalan gero da kasuwa da sefa, ya buga ya raba, muddin ya ambaci sunan marubucin asali.