Jaguar E-Type da Injinta Mai Silinda Shida

Duk wanda ya yi zaman koyon kanikanci a garejojin da ke gyaran tsofaffin motoci a tsakiyar Ingila, kamar yadda Allah ya ƙaddara mini na yi, abu na farko da dattawan sana'ar za su sanar da shi game da Jaguar E-Type shi ne injinta ya girme ta da shekara goma sha uku, kuma asalinsa yana komawa ga dararen Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan birnin Coventry. A wancan zamani wajibi ne ma'aikatan kowace masana'anta su riƙa kwanan gadi don tsoron gobara. To, William Lyons, mai kamfanin Jaguar, da injiniyoyinsa William Heynes da Walter Hassan da Claude Baily, maimakon su bar dararen su tafi a banza, sai suka mai da su majalisar shawara, inda suka tsara injin da aka sa wa suna XK, wanda ya bayyana cikin 1948 a motar XK120.

Hikimar jera silinda shida a layi ɗaya ba ɓoyayya ba ce ga ma'abota sana'ar. Fistan shidan nan tafiya suke yi biyu-biyu, na ɗaya da na shida, na biyu da na biyar, na uku da na huɗu, ta yadda duk jijjigar da wani ya tayar wani ya kashe ta, wutar kuma tana tashi bi da bi a kan tazara guda, har injin ya yi ta juyi cikin natsuwar da mai silinda huɗu ba ya samun irinta. A kan wannan asali suka ɗora kai na alminiyam, da kamshaf biyu a sama waɗanda sarƙa ke juyawa, da karanshaf mai zama a kan boris bakwai, alhali kuwa a lokacin ba a cika ganin irin wannan tsari ba sai a motocin tsere masu tsadar gaske. Nisan hawa da saukar fistan, watau milimita 106, bai canja ba tun daga injin lita 3.4 har zuwa 3.8 da 4.2, faɗin silinda kaɗai aka yi ta ƙarawa. Akwai kuma wata al'adar gidan da takan rikita sabon almajiri ranar da aka fara ba shi wayoyin fulogi ya jera: su daga baya suke ƙirga silinda, ta ɗaya ita ce wadda ke kusa da direba. Da wannan injin aka ci tseren awa ashirin da huɗu na Le Mans a Faransa cikin 1951 da 1953, sa'an nan 1955 da 1956 da 1957 a jere.

Siffar E-Type kuwa aikin Malcolm Sayer ce, mutumin da ya fito daga masana'antar jiragen sama ta Bristol, wanda yake fitar da lanƙwasar bodi da lissafi bisa yadda iska ke bin jikin abu mai gudu. Aka nuna ta a bajekolin Jeneba cikin Maris 1961, mai rufi ta iso a ƙurarren lokaci bayan wani mai suna Bob Berry ya kwana yana tuƙa ta daga Ingila, da kuma cincirindon masu son a zaga da su ya yi yawa, aka aika wa wani mai suna Norman Dewis ya taho da marar rufi, shi ma cikin dare. Kamfanin ya ce tana gudun mil 150 a awa, ko da yake motocin da aka ba 'yan jarida an yi musu shiri na musamman, wadda mutum zai saya a kanti takan gaza da kaɗan. Abin da ya fi girgiza jama'a shi ne kuɗinta: fam dubu biyu da 'yan kai, wajen rabin abin da ake biya a sayi Aston Martin na zamanin.

A nan ne mas'alar take, domin arahar nan ba daga sama ta faɗo ba. Lyons mutum ne mai tsananin tsimi, ya kashe kuɗi inda gudu da kyan gani suke, ya tsuke hannu inda ido ba ya kaiwa, bashin wannan tsimi kuwa masu motar ne ke biyansa har yau. Giyar farko ta samfurin 3.8 sai an tsaya cak take shiga ba ƙara, ba a kawar da wannan aibi ba sai 1964, da injin 4.2 da sabon akwatin giya suka zo. Fankar lagireto ƙarama ce, a cunkoson gari ruwa ya yi ta tafasa. Birkin baya an kai shi tsakiya, kusa da difiransha, domin a rage nauyin da ke bin taya, dabara ce mai kyau ga tafiya, amma wanda zai canja faifansa sai ya sauko da ƙafar baya ɗungurungum. Kuloci kuma ba ya canzuwa sai an fitar da inji. Mafi girman bala'i ita ce tsatsa. Motar ba ta da shasi irin na da, bodin ne da kansa ke ɗauke da nauyi daga gaban direba zuwa baya, ƙarfinsa kuwa yana cikin dogayen akwatunan ƙarfe da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda damshi da gishirin da ake watsa wa hanyoyin Ingila da hunturu ke ci daga ciki, kamar yadda gara ke cin azara fenti yana nan lafiya lau. Injin yana zaune ne cikin wani keji na siraran bututun ƙarfe, wanda ijma'in masana ya tafi a kan cewa in ya tsage ba a yi masa walda, sabo ake sawa. Na ga mutane sun yi kuka da hawaye ranar da aka kankare fenti suka ga haƙiƙanin abin da suka saya.

Duk da haka ban taɓa jin tsohon bakanike ya zagi injin ba. Kafireto ukun da ke jikinsa, samfurin SU, ana daidaita su ne da kunne: a kara ɗan tiyo a bakin kowace, a saurari huci, a yi ta murɗawa har muryoyin ukun su zama ɗaya, wannan ilimi ba a samunsa sai a gaban malami. In an ba shi baƙin mai a kan kari, ba a bari ya yi zafi ba, injin yakan rayu fiye da mai shi, shi ya sa aka ci gaba da ƙera shi har 1992, aka kuma sa shi a ƙaramar tankar yaƙi ta Scorpion, irin wadda sojan Nijeriya ma suka mallaka.

Yawancin motocin Amurka aka kai su, dokokinta ne kuma suka sauya musu kama a ƙarshen shekarun 1960, aka cire gilashin da ke rufe fitilu, aka rage kafireton waɗanda ake aika mata zuwa biyu saboda hayaƙi, har cikin 1971 aka ajiye mai silinda shida aka kawo mai sha biyu. Jimillar da aka ƙera ta ɗan haura dubu saba'in da biyu. Da darajarsu ta hau daga ƙarshen shekarun 1980, sai 'yan kasuwa suka shiga komo da na Amurka, musamman na jihohi masu busasshiyar iska inda tsatsa ba ta yi ɓarna ba, ana mai da sitiyarinsu dama. Daga nan ne mai saye ya zama tilas ya binciki asali kamar mai bin isnadi: ya duba lambar da ke jikin inji da ta kansa da ta akwatin giya, ya nemi takardar shaida daga ma'adanar tarihin kamfanin, wadda ke faɗin ranar ƙira da launin farko da inda aka fara aika motar. Ni dai shawarar da nake ba mai neman wadda zai hau, ba wadda zai ɓoye ba, ita ce ya nemi mai rufi ta 4.2 da aka yi tsakanin 1965 da 1967, ya tafi da maganaɗisu a aljihu, ya bi ƙarƙashin ƙofofin da shi tun kafin ya yarda a tayar masa da inji.