Garki: Ƙauyukan da Suka Koya wa Duniya Halin Sauro

Idan aka ambaci Garki a yau, hankalin yawancin mutane Abuja yake tafiya. Amma a wurin masana zazzaɓin cizon sauro, daga Landan har Jeniba, Garki guda ɗaya ce: wadda ke arewa maso gabas da birnin Kano, a cikin Jihar Jigawa ta yanzu. A can ne, daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da binciken da har gobe ake lissafa shi cikin mafiya zurfi da aka taɓa yi a kan sauro da cutar da yake yaɗawa. An kashe masa fiye da dala miliyan 6 a kuɗin wancan zamani. Tambayar da aka je nemo amsarta gajera ce: idan aka haɗa maganin feshi mafi ƙarfi da maganin sha mafi inganci, aka yi aikin ba tare da ha'inci ko ƙarancin kuɗi ba, za a iya tsinke igiyar maleriya a ƙasa irin tamu?

Amsar da Garki ta bayar ba ta yi wa masu tambayar daɗi ba. Sai dai gaskiyar da ke cikinta ta fi nasarori da yawa amfani.

Zamanin DDT

Tun 1897 likitan sojan Ingila Ronald Ross ya gano ƙwayar maleriya a cikin sauro a ƙasar Indiya, masanan Italiya kuma suka tabbatar cewa jinsin Anopheles ne ke kai ta jikin ɗan Adam. An san maƙiyi, makami ne babu. A 1939 Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya gano cewa sinadarin DDT yana kashe ƙwari, kuma ƙarfinsa yana daɗewa a jikin bango watanni bayan an fesa. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1948.

Dabarar feshin ɗaki ta dogara ne a kan ɗabi'u biyu. Macen sauro, wadda ita kaɗai ke shan jini, idan ta ƙoshi sai ta yi nauyi, ta nemi bango ko rufin ɗaki ta huta. Ƙwayar cutar kuwa tana buƙatar kwana goma ko fiye a cikin sauron kafin ta isa yawunsa. Idan bango yana da guba, sauron zai mutu kafin cutar ta nuna a jikinsa. Da wannan lissafi babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zauna a birnin Meziko a 1955, ya ƙaddamar da shirin kawar da maleriya daga duniya. Shirin ya ci nasara a kudancin Turai da wasu sassan Asiya. Afirka ta kudu da Sahara kuwa, inda cutar ta fi kisa, galibi gwaje-gwaje ƙanana aka yi mata.

Biyu daga cikinsu a ƙasar Hausa aka yi. A 1954 aka fara feshi a yammacin Lardin Sakkwato, a yankin Birnin Kebbi, da magunguna uku: DDT da BHC da dieldrin. Ba a cika shekara biyu ba aka tarar saurayen yankin da ake fesa wa dieldrin sun daina mutuwa. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da bijirewar Anopheles gambiae, babban mai yaɗa maleriya a Afirka, ga maganin ƙwari. Har aka ɗauki irin sauron daga Ambursa zuwa Landan don a nazarci yadda yake gadar wa 'ya'yansa wannan tauri. A shekarun 1960 aka sake gwadawa a Kankiya ta Lardin Katsina, aka haɗa DDT da rabon magani. Cutar ta lafa, ba ta tsaya ba. A 1969 hukumar ta amince a taronta na Boston cewa burin kawar da maleriya cikin ƙayyadadden lokaci ba zai cika ko'ina ba. A wannan shekara, yaƙin basasar Nijeriya bai ma ƙare ba, aka fara shirye-shiryen aikin Garki.

Shekara ɗaya da rabi ana kallo

Abin da ya bambanta Garki da gwaje-gwajen baya shi ne haƙuri. Bayan shekara guda ta shiri, daga Oktoban 1970 zuwa Maris ɗin 1972 ba a fesa komai ba. Kallo kawai ake yi, ana rubutawa. Yankin aikin ya ƙunshi ƙauyuka 164, aka ware 22 daga ciki, aka kasa su rukuni takwas don bibiya ta ƙut-da-ƙut. Sunaye irin su Sugungum da Rafin Marke da Kwaru da Ajura da Matsari ta haka suka shiga littattafan kimiyya na duniya.

An ƙidaya mutane gida-gida, kowa da lambarsa. Duk bayan mako goma ma'aikata su dawo, a soki yatsan kowa, tsoho da jariri, a ɗiga jini a kan gilashi, a shanya, a rina, a duba da madubin likita. Haihuwa da mutuwa da tafiya cin rani da dawowa, duk ana shigar da su. Fiye da mutum dubu bakwai ne suka riƙa miƙa yatsunsu haka, shekara da shekaru.

Aikin sauro kuwa na dare ne. Da faɗuwar rana mai kamu zai zauna, wani a cikin ɗaki, wani a tsakar gida, ya naɗe wando zuwa gwiwa, da tocila a hannu da ɗan bututun gilashi. Jikinsa ne tarkon. Da sauro ya sauka a ƙwaurinsa sai ya haska, ya kife shi da bututu kafin ya sha, a ware kamun kowace sa'a daban har asuba. Da safe wasu ma'aikatan su shiga ɗakunan kwana, su shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa da kan gado, su rufe ƙofa, su fesa magani mai saurin kayarwa. Bayan 'yan mintuna a fito da zannuwan, a tsince saurayen ɗaya bayan ɗaya, a raba mai jini a ciki da mai ƙwai da wanda bai ci ba. A ɗakin bincike a feɗe su, a duba jakar yawu ko akwai ƙwayar cuta, a duba mahaifa don a san ko macen ta taɓa yin ƙwai, wanda shi ke nuna tsufanta.

Abin da wannan kallo ya fito da shi ya girgiza masu binciken. A ƙauyukan da abin ya fi tsanani, mutum ɗaya kan sha cizo mai ɗauke da cuta fiye da sau ɗari a shekara, mafi yawa a cikin 'yan watannin damina. Kusan kowane yaro ƙarami yana yawo da ƙwayar a jininsa, jarirai kuma da wuya su cika shekara ba su kamu ba. Manya da ake gani lafiya lau, garkuwar da suka samu da cizon shekaru ce ke riƙe da su, kuma da yawansu rumbun cutar ne ba su sani ba.

Feshi da magani

Daga Afrilun 1972 zuwa Oktoban 1973, damina biyu ke nan, aka shiga yaƙin. An bar rukuni biyu ba feshi don a riƙa gwadawa da su. Rukuni biyu feshi kawai aka yi musu, da maganin propoxur, wanda sauron yankin bai bijire masa ba. Rukuni biyu aka haɗa musu feshi da rabon maganin sulfalene da pyrimethamine ga jama'a duk mako goma. Sauran biyun kuma, da damina duk mako biyu ake ba su maganin. An fesa kusan kowane ɗaki, ana sa ido a kan masu feshin, ana komawa inda aka tsallake.

Feshin ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da kimanin kashi 90 cikin ɗari. Amma yawan masu ɗauke da ƙwayar falciparum, mafi kisa a cikin nau'o'in cutar, da kimanin kashi 25 kawai ya ragu. Dalilin a fili yake ga wanda ya dubi lissafin farko: wanda yake shan cizo mai cuta ɗari, ko an rage masa tara cikin goma, goman da suka rage sun ishe shi kamuwa. Inda aka haɗa da magani, cutar ta faɗi ƙasa ƙwarai, mutuwar jarirai ta ragu, amma ko a rukunin da aka fi matsa wa lamba ana ci gaba da samun sababbin kamuwa. Da aka janye hannu, garkuwar jikin mutanen da aka kare ta ɗan yi rauni, cutar kuma ta koma inda take a da.

Sauron da ba ya kwana a ɗaki

Me ya hana feshi mai kyau haka gamawa da sauro? A nan ne Garki ta ba da babban darasinta. Lissafin da aka gina shirin 1955 a kansa ya ɗauka cewa sauraye halinsu ɗaya, kowanne zai hau bango ko ba daɗe ko ba jima. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Abin da ido ke gani sauro iri ɗaya, a Garki jinsi biyu ne masu kama da juna, gambiae da arabiensis, ga kuma funestus a gefe. Masanin Italiya Mario Coluzzi, wanda ya duba zaren gado a cikin mahaifar saurayen yankin, ya nuna cewa ko a cikin jinsi ɗaya akwai bambancin gado tsakanin waɗanda ake kamawa suna hutawa a ɗaki da waɗanda ake kamawa a waje. Wani sauron zai shiga ya ciji mutum ya fice ya huta a ciyawa ko jikin danga. Wani ma a tsakar gida zai same shi, inda ake hira ko kwana saboda zafi. Irin waɗannan ba ruwansu da abin da aka shafa wa bango. Suna tsufa, cutar ta nuna a cikinsu, su ci gaba da yaɗawa. Ƙauyukan da irinsu suka fi yawa, a nan feshin ya fi gazawa.

Daga bayanan ƙauyukan ne Klaus Dietz da Louis Molineaux da abokin aikinsu Thomas suka gina lissafin yaɗuwar maleriya da suka wallafa a 1974, wanda ya sa garkuwar jikin mutane a cikin ƙididdiga. A 1980 Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara sakamakon aikin a littafi guda da hukumar ta buga. Masu bincike har yau suna komawa ga alƙaluman Garki don su gwada sababbin dabaru a kwamfuta kafin a kai su ƙauye. Coluzzi kuwa, a 2013 aka raɗa wa wani jinsin sauron Afirka ta Yamma sunansa.

Gona da ɗakin kwana

Darasin Birnin Kebbi ma bai tsufa ba, kuma yanzu ya haɗa da gona. Magungunan da ake fesa wa auduga da wake da tumatir da shinkafa, dangi ɗaya ne da waɗanda ake fesa wa bango ko a jiƙa gidan sauro da su. Ruwan sama yana wanke su zuwa kududdufai da fadamu, inda tsutsar sauro ke girma. Raunana su mutu, masu tauri su rayu su hayayyafa. A ƙarshen shekarun 1990 aka gano sauyin gadon da ke sa gambiae jure wa DDT da dangin pyrethroid a Afirka ta Yamma, bincike a Burkina Faso kuma ya nuna ya fi yawa a yankunan noman auduga. Manomin da ya ninka awon magani a tankin feshinsa don ya ceci wakensa daga tsutsa, bai san yana horar da sauron da zai ciji ɗansa ba. Saboda haka aikin masana ƙwarin gona, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019 don a rage yawan feshi, aikin lafiya ne kai tsaye.

Abin da ya rage a kanmu

Yawancin abin da ake yi a yau yana tafiya ne a kan hanyar da Garki ta nuna: makami ɗaya ba ya isa, kuma damina ce lokacin da ya kamata a matsa. Gidan sauro mai magani ya yaɗu bayan taron shugabannin Afirka na Abuja a Afrilun 2000. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar magani wata-wata a damina a yankin Sahel, abin da iyaye mata a Jigawa da Katsina da Maraɗi da Damagaram suka san shi sarai. A Disamban 2024 aka fara allurar rigakafin maleriya a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Duk da haka Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa, yawancinsu yara. Sauron kuma bai daina sauyawa ba. Anopheles stephensi, baƙo daga Asiya mai hayayyafa a tankunan ruwa na cikin gari, ya bayyana a Jibuti a 2012, aka kuma gano shi a Jihar Gombe a 2020.

Mutanen Garki sun ba da jininsu da barcinsu, duniya ta ƙaru da ilimi, su kuwa aka bar su da zazzaɓinsu. Wannan bashi ne, kuma hanyar biyansa sananniya ce. Jihohinmu suna buƙatar masana ƙwari 'yan ƙasa da ɗakunan bincike masu kuɗin aiki na dindindin, waɗanda za su riƙa kama sauro kowace damina, su auna wane magani ne ke kashe shi, a ina yake cizo, da ƙarfe nawa, kafin a sayi gidan sauro ko a ɗauki tankin feshi. Ma'aikatun gona da na lafiya kuma su zauna tare a kan magungunan da ke shiga kasuwanninmu. Jami'o'in Kano da Dutse da Zariya da Sakkwato suna da matasan da za su iya wannan aiki. Abin da suke jira shi ne gwamnatocin da za su ɗauki nauyinsa shekara bayan shekara, ko da masu ba da tallafi daga waje sun tattara nasu sun tafi.