Tsuntsun da Ake Nema da Wanda Ake Rasawa: Nazari kan Kallon Tsuntsaye

A shekarar 1989 wani ɗan tsuntsun Amurka ya yi ɓatan kai, ya sauka a gundumar Kent ta Ingila, sai ga dubban mutane sun yi cincirindo da madubin hangen nesa domin su gan shi. A Amurka tsuntsun ba baƙo ba ne. Wurin da ya faɗo ne ya ba shi daraja. Wannan ya nuna cewa abin da masu kallo ke kira ƙarancin tsuntsu ba ma'ana ɗaya gare shi ba. Akwai baƙon da iska ta kawo, akwai wanda mazauninsa ƙunci gare shi, akwai kuma wanda a da yake ko'ina amma yanzu yana ƙarewa.

Duwatsun Jos sun ba mu misalin na biyu. A can akwai wani ɗan baƙin tsuntsu da ba ya saƙa sheƙa. Sai macen ta saka ƙwanta a sheƙar wani jan tsuntsu dangin baiwar Allah. Ɗan da aka ƙyanƙyashe yana tashi da kukan masu riƙonsa, idan ya girma kuma da wannan kukan namijin yake zawarci. Robert Payne na Jami'ar Michigan ya daɗe yana nazarin wannan kwaikwayo, kuma a 1998 ya bayyana cewa jan tsuntsun jinsi ne mai zaman kansa da ba a taɓa rubutawa ba. Wato kunne ya taimaki ido. Daga baya an sami jan tsuntsun har a duwatsun Mandara, kan iyakar Najeriya da Kamaru, abin da ke nuna cewa wani ƙarancin na masu dubawa ne, ba na tsuntsun ba. A dajin Amurum, inda aka kafa Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, baƙi kan je musamman domin waɗannan biyun.

Na ukun ne ya fi damuna. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda a da ungulu ke cika kwata da bayan kasuwa, har ba a ɗaga kai a dube ta. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin masu gab da ƙarewa. Ana kama ta domin a sayar da kanta da ƙafafunta ga masu magani, guba kuma na kashe ta garke guda: a Gini Bisau, a 2020, fiye da 2,000 suka mutu. Mai neman tsuntsun da bai taɓa gani ba, ba zai ɓata tawadarsa a kan ungulu ba, shi ya sa raguwar ta yi nisa kafin a farga.

Amurkawa suna ƙidayar tsuntsaye kowace Kirsimeti tun 1900, masu yawa da marasa yawa, kuma wannan dogon lissafi ne ke tona raguwa da wuri. Aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015 ya bi wannan tafarki: 'yan sa-kai na rubuta duk abin da suka gani, har balbela da kurciya. Abin da ya rage shi ne a zauna da mahauta, da maharba, da masuntan Hadeja da Nguru, a rubuta lokacin da kowannensu ya daina ganin ungulu da gauraka a garinsu, tun dattawan da suka shaida suna raye.