Jami'ar Sanskirit ta Baranasi da Haƙƙin Jama'a a Kanta

A ƙidayar jama'ar Indiya ta shekarar 2011, mutum 24,821 ne kacal suka ce Sanskirit harshen uwa ne a gare su, a ƙasar da mutanenta suka haura biliyan ɗaya. Duk da haka gwamnatoci na ɗaukar nauyin jami'o'i sukutum domin wannan harshe. Wannan maƙala na ganin kuɗin ba a banza yake tafiya ba, amma hujjar kashe shi na tattare da sharaɗi.

Mu ɗauki jami'ar Baranasi. Tushenta kwaleji ce da Jonathan Duncan, wakilin kamfanin Ingila mai mulkin Indiya, ya kafa a 1791, domin a samu malaman da za su fassara wa alƙalan Turawa dokokin Hindu. Buƙatar mulki ce ta haife ta, kamar yadda ta haifi makarantar horar da alƙalai ta Kano a 1934. Kwalejin ta zama jami'a a 1958, kuma a 1974 aka raɗa mata sunan Sampurnanand, tsohon babban ministan jihar Uttar Pradesh. Har yau digirorinta na ɗauke da sunayen gargajiya: Shastri a matakin farko, Acharya a na biyu.

Masu suka na cewa harshen da ba a ciniki da shi a kasuwa bai cancanci baitulmali ba. Kuskurensu shi ne auna harshen littafi da ma'aunin harshen baki. Darajar Sanskirit tana cikin abin da aka rubuta da shi: nahawun Panini mai ƙa'idoji kusan 4,000, lissafi da ilimin taurari na Aryabhata, likitancin Charaka da Sushruta, ga falsafa da wasan kwaikwayo. Ɗakin karatu na Saraswati Bhavan da ke wannan jami'a yana ajiye da dubban rubuce-rubucen hannu. Takarda kuwa ba ta karanta kanta. Ranar da aka rasa mai iya warware rubutun, rumbun ya zama tarin ganye, ko da an ɗauki hoton kowane shafi an zuba a kwamfuta. Horar da irin wannan makaranci na cin shekaru, ribarsa ba ta zuwa da wuri, shi ya sa ɗan kasuwa ba zai ɗauki nauyinsa ba.

Sharaɗin kuwa daga tarihi ya fito. Ƙarnuka da dama ilimin Sanskirit ya fi zama a hannun Barahmanawa, wato rukunin malaman addinin Hindu, aka rufe ƙofarsa ga waɗanda ake ganin asalinsu ƙasƙantacce ne. B. R. Ambedkar, jagoran tsara kundin mulkin Indiya, an hana shi koyon harshen a makaranta saboda asalinsa, sai Farisanci ya karanta. Jami'ar da ke cin harajin kowa ba ta da hurumin gadon wannan wariya. Wajibinta ne ta karɓi ɗan kowane gida, mace da namiji, Bahindu da Musulmi, ta kuma koyar da matanin da idon bincike, har da sassan da suka halatta wariyar.

A 2020 majalisar Indiya ta mayar da cibiyoyin Sanskirit uku jami'o'in tarayya, biyu a Delhi, ɗaya a Tirupati. Abin da za a auna su da shi, su da ta Baranasi, shi ne yawan rubuce-rubucen da suka tace suka buga, da kuma 'ya'yan su wane ne ke zaune a azuzuwansu.