Yadda Abincin Sarakai Ya Zama Na Talakawa

Akwai wani abinci a Ingila da Amurka wanda ake kira minsmit, watau yankakken nama. Asalinsa nama ake dafawa, a yayyanka shi ƙanana kamar za a yi dambu, a haɗa shi da kitse da busasshen inabi da tuffa da sukari, a barbaɗa kanumfari da kirfa. Sa'an nan a lulluɓe shi da kwaɓaɓɓen garin alkama a gasa. Wanda bai saba ba zai yi mamakin haɗa nama da zaƙi, amma da dalili. Sukari da kitse suna hana nama ruɓewa, har ya yi watanni cikin tulu a lokacin sanyi, kamar yadda rana da yaji suke tsare kilishi.

Abincin nan ya daɗe. Wajen shekara ta 1390 masu dafa abincin Sarki Richard na Biyu suka rubuta littafin girki, a ciki kuwa akwai dakakken nama haɗe da 'ya'yan itace da kayan yaji. A zamanin nan kayan yaji tsada gare su ƙwarai. Kanumfari daga tsibiran Maluku yake fitowa, cikin ƙasar da yanzu ake kira Indonesiya, kirfa kuwa daga tsibirin Silon, watau Siri Lanka. Kafin su isa Ingila sai sun ratsa hannun fataken Larabawa da na Italiya, kowa yana ɗora ribarsa. Don haka sai mai hali yake cin irin wannan abinci.

Naman barewa kuwa ya fi yaji wuyar samu ga talaka. Da William ya ci Ingila da yaƙi a shekara ta 1066, sai ya keɓe dazuzzuka masu yawa don farautarsa. Ya kafa doka, wanda duk ya kashe barewa a ciki a makantar da shi. Bayan shekaru ɗari shida da wani abu ba a sassauta wa talaka ba, gama a shekara ta 1723 majalisa ta yi doka cewa wanda ya baƙanta fuskarsa ya shiga daji da makami don farautar barewa, rataye shi za a yi. Manya suna cin cinya, barorinsu kuwa sai kayan ciki.

To, da mutanen Ingila suka fara ƙaura zuwa Amurka, daga shekara ta 1607, suka tarar da daji faɗi ba iyaka, barewa birjik, ba sarkin da zai hana. Manomi ya harbe barewa da kaka, matarsa ta dafa naman wuya da sauran guntaye, ta haɗa da tuffar gonarsu, ta adana don hunturu. Gidan da ba tanderu, sai a zuba haɗin cikin tukunyar ƙarfe, a ɗiɗɗiga kullu bisa kansa, a rufe, a aza garwashi kan murfin har ya gasu. Wannan irin gashi shi ne suke kira kobla. Ta haka abin da dā yake jawo wa mutum rataya ya zama abincin gidan kowa.

A Ingila kuwa wata hanya abin ya bi. Cikin ƙarni na 18 sukari ya yi araha, saboda gonakin rake na tsibiran Karibiyan, inda bayin da aka kwaso daga Afirka suke noma ba lada. Sai mutane suka riƙa ƙara zaƙi suna rage nama. A littafin girki na Uwargida Beeton na shekara ta 1861 an kawo iri biyu, mai nama da mara nama. Yau minsmit ɗin da ake sayarwa a kantunan Ingila 'ya'yan itace ne da yaji da kitse ko mai, naman ya tafi ya bar sunansa.

Amma a jihar Maine da maƙwabtanta a Amurka, har wa yau akwai iyalan mafarauta da suke yinsa da naman barewa idan lokacin farauta ya zo a watan Nuwamba, kamar yadda suka gada daga kakanninsu.