Naɗaɗɗiyar taba

Naɗaɗɗiyar taba, wadda Turawa ke kira cigar, taba ce da ake naɗe ta da ganyenta maimakon takarda. Wannan ne ya bambanta ta da taba sigari da aka saba gani a kan teburan masu tireda a Samaru da Sabon Garin Zariya. Ta fi shahara a ƙasar Kuba, musamman yankin Pinar del Río.

Yadda ake haɗa ta

Tana da sassa uku: ganyen ciki, da ganyen da ke ɗaure shi, da ganyen waje da ke lulluɓe su duka. Ana auna tsawonta da inci, kaurinta kuma da kashi 64 na inci. Robusto tana da tsawon inci 5 da kauri 50, Churchill inci 7 da kauri 47, Lancero kuwa inci 7.5 da kauri 38.

Girma da ɗanɗano

Ko da ganyen iri ɗaya ne, ɗanɗano yana sauyawa da girma. A siririya, ganyen waje ne ke rinjaye, kuma hayaƙinta ya fi zafi da kaifi. Mai kauri tana ɗaukar ganyen ciki iri-iri, tana ci a hankali, hayaƙinta bai kai na siririya zafi ba. A doguwa, hayaƙi yana ɗan hucewa kafin ya isa baki, amma ɗanɗanon yana ƙara ɗaci yayin da wuta ke matsowa. Mai tsinin baki, kamar Torpedo, tana tattara hayaƙin wuri guda.

Taba a Zariya

Manoman ƙasar Zazzau sun daɗe suna noman taba. A shekarar 1959 kamfanin Nigerian Tobacco Company ya buɗe masana'anta a Zariya, amma sigari ta riƙa yi, ba naɗaɗɗiyar taba ba.

Illa ga lafiya

Sanyin hayaƙi ba ya rage illa. Babbar naɗaɗɗiya ɗaya tana iya ƙunsar tabar da ta kai ta kwalin sigari guda. Tana haddasa sankarar baki da ta maƙogwaro ko da mai sha bai zuƙi hayaƙin zuwa huhu ba. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar da kowace irin taba ga wanda bai kai shekara 18 ba.