Daga garamar fatake zuwa shingen Ciromawa

Manomin da ya ɗora buhunan shinkafa ko masara a mota daga Zurgu, a yankin Rano da Kibiya, ya biyo ta Bunkure ya faɗo babban titi a Ƙarfi, yau ba wanda zai tsayar da shi a hukumance ya ce ya biya kuɗin hanya. Kakanninsa kuwa ba su san tafiya kyauta ba.

A zamanin ayari, fataken ƙasar Kano da ke kai baƙin rini da kanwa Gwanja su komo da goro sukan biya garama a kusan kowace ƙasar da suka ratsa, su biya kuɗin fito a bakin kowane babban kogi. Madugu ne ke zama da sarkin gari a daidaita. Abin lura shi ne ciniki ne ake yi: fatake su bayar, sarki ya ba su zango da ruwa, ya tsare musu hanya daga 'yan fashi. Sarkin da ya tsawwala, ayari sai ya kauce masa baɗi, kasuwarsa ta mutu. Tarihin sarakunan Kano ma ya adana irin wannan: a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, harajin Kasuwar Kurmi ya yi nauyin da Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina.

Turawa da suka ci Kano a 1903 sun ga kuɗi a wannan al'ada. Gwamnatin Lugga ta ɗora wa ayari harajin kashi 5 cikin ɗari na darajar kaya a kowane lardin da aka ratsa, har zuwa kashi 15. Fatake suka koka, wasu suka koma bin daji don kauce wa masu karɓa, kuma a 1907 aka soke shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zamanin ayarin jakuna ya fara ja da baya.

Shingen karɓar kuɗin hanya ya dawo da zuwan tagwayen hanyoyi. Titin Legas zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 1978, da wuraren biya aka gina shi. A titin Kano zuwa Zariya kuwa, direbobi sun san na Ciromawa, a ƙaramar hukumar Garun Malam, inda har yau sunan Tolget bai bar wurin ba. An ce kuɗin na gyaran hanya ne, amma ramukan da direba ke gocewa kafin shingen su ne yake tararwa bayansa. Shugaba Obasanjo ya ba da umarnin rushe shingayen tarayya daga farkon 2004, ya nemi maye gurbinsu da harajin naira ɗaya da kwabo 50 a kan kowace litar fetur, ƙungiyar ƙwadago ta ce ba ta yarda ba.

A wasu ƙasashen an ba kuɗin hanya wani aiki dabam, wato rage cunkoso. Singafo ta fara cajin motocin da ke shiga tsakiyar birni a 1975, Landan ta bi a 2003. A Amurka akwai layi na musamman da aka keɓe wa motar da ta ɗauko mutum biyu ko fiye. Da aka ga layin yana zama fayau alhali sauran sun cushe, sai a San Diego, a 1996, aka buɗe shi ga mai tafiya shi kaɗai in zai biya. Daga baya aka sa farashin yana hawa in motoci sun yi yawa, yana sauka in sun ragu.

Wannan dabarar ba ta da wurin zama a hanyar Rano. Ba sai an lallashi kowa ya cika mota ba. Motar haya ba ta barin tasha sai kujera ta ƙare, wani lokaci har da ƙari a gaba. Damuwar mutanen nan ita ce kwalta mai lafiya da gadar da ba za ta karye da damina ba.

Duk da haka, jadawalin kuɗin hanya da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi a watan Agustan 2021 ya yi adalcin da ya cancanci a faɗa. Bas ɗin haya naira 150, ƙaramar mota 200, babbar mota 500, babur da A Daidaita Sahu kuwa kyauta. Wato motar talakawa ce mafi arha. Sai dai da aka fara karɓa a titin Abuja zuwa Makurɗi a Fabrairun 2025, ƙaramar mota 500 ta biya, ƙaramar bas kuwa 1,000, kuma direba a kan fasinja zai fanshe. Titin Abuja zuwa Kano, wanda aka ba da kwangilar sake gina shi tun 2017, shi ne mutanen kudancin Kano ya kamata su sa wa ido: nawa za a ce su biya, kuma wa zai amsa in rami ya sake buɗewa.